Ranar da Na Gasa Molon Malam Buba

Cikin duk kwanakin da na yi a aikin ɗaukar sauti, akwai wata Alhamis ta watan Agusta da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta. Tunda kun zaunar da ni yau, ku da kuka kama aiki bana, kuna so ku ji kuskuren da ya fi koya mini aiki, to ga shi nan. Amma kada wanda ya yi dariya sai na kai ƙarshe.

A lokacin shekarata biyu a gidan rediyon nan namu na Jos, ina mataimakin injiniyan sauti, wato babu wanda nake gaba da shi a sashen in ban da masinja. Ni Babarbare ne, mutumin Nguru, kuma duk wanda ya san Nguru ya san abin da ake kira zafi. Da zan taho Jos riga ɗaya mai kauri na saya, ina ganin na gama shiri. Daminar farko ce ta nuna mini ban fara ba. A garinmu ruwan sama sauƙi yake kawowa. A nan kuwa sai a yi kwana uku ana yayyafi, gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, tufafi su ƙi bushewa, mutum ya kwana da safa a ƙafa a tsakiyar damina.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, mataimaki shi ke duba takardar rajistar sutudiyo da safe, ya ga wa ke da wane lokaci. Shi ke jera makirufo, ya gwada sauti, ya ɗauka, sannan ya ajiye a kwamfuta da sunan shiri da kwanan wata. Iyakar aikin ke nan, kuma na iya shi daidai gwargwado.

A takardar wannan Alhamis an rubuta cewa daga ƙarfe takwas zuwa tara na Madam Ladi ne, furodusar shirin manoma da makiyaya, kuma baƙonta Malam Buba. Malam Buba Bafulatani ne, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya koma gidansu kusa da Kuru. Shi ke tsara waƙoƙinsa, shi ke rubuta baitukan, shi ke kaɗa molonsa. Ya fi shekara ashirin yana yi wa shirin nan waƙar buɗewa, duk bayan shekara biyu ko uku ya kawo sabuwa. Ba ya wasa a biki, ba ya bin masu mulki. Rediyon nan ce kaɗai ƙofar da waƙarsa ke fita ta kai ga jama'a.

To, a wannan shekarar an kawo mana sabon kwanturolan shirye-shirye, wanda muke kira Oga Sabo. Mutum ne mai son aiki, kuma ba mugu ba ne, amma ya zo da niyyar sabunta komai. Ya riga ya sa wani saurayi mai fiyano ya haɗa kiɗan buɗe shirin a kwamfuta. Madam Ladi ta yi ta fama da shi har ya yarda cewa kwamitin tantance shirye-shirye zai saurari guda biyun ranar Juma'a da ƙarfe goma, ya zaɓi ɗaya, don sabon zangon shirye-shirye zai fara ranar Litinin. In an zaɓi fiyano, Malam Buba ya gama da rediyo ke nan. Kowa ya san haka, har shi kansa. Saboda haka awa ɗayan nan ta Alhamis ita ce abin da ya rage masa.

Ya iso takwas saura kwata, cikin babbar riga da rawanin da ya rufe kunnuwansa, da molon a cikin jakar fata. Da muka gaisa ya ji harshena, sai ya ce, “Af, Babarbare suka ba ni? Yau na ga ta kaina.”

Na ce, “Ai gara da Allah ya haɗa ka da ubangidanka, Baffa.”

Ya yi dariya. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani, ba ya ƙarewa. Ya ce in yi sauri in kunna na'ura mu fara. Kafin in kunna sai ga masinja, wai ana neman baƙo a ofishin mulki ya sa hannu a takardar amincewa. Wata sabuwar doka ce ta Oga Sabo, ba a ɗaukar muryar kowa sai ya sa hannu. Na ga ran Malam Buba bai so ba. Ya zaro molon ya ɗora a kan kujera, ya ce yanzu zai dawo, ya bi masinja.

Molo dai ɗan ƙoƙon itace ne mai tsawo, an rufe shi da fata, tsirkiya uku sun bi ta kan wani ɗan itace da makaɗa ke kira jaki. Jakin nan a kan fatar yake zaune, don haka yadda fata take, haka murya take. Ni kuma na tashi a gidan da ƙanin mahaifiyata makaɗi ne. Tun ina ƙarami na san cewa in fata ta yi sanyi ta saki, akan kai ta bakin wuta ko rana ta ɗame. A wurinmu in ka yi wa makaɗi haka, girmama shi ka yi.

Na sa yatsa na ƙwanƙwasa fatar molon, na ji ta yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na ce a raina, Allah sarki, tsoho ya taho da shi cikin yayyafi. Muna da wata 'yar hita a kusurwar sutudiyo da muke kunnawa don kada danshi ya lalata na'urori. Na jawo kujerar gabanta, ina jujjuya molon a hankali kamar mai gasa masara, ina taɓawa ina ji. Wajen minti ashirin na yi. Fatar ta ɗame tsaf, in ka ƙwanƙwasa sai ta ce ƙwal. Wallahi daɗi na ji, har ina tsara yadda zan karɓi godiya.

Suka dawo tare da Madam Ladi. Ya ɗauki molon, sai na ga ya tsaya, don ya ji ɗumi a hannunsa. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito siriri, mai kaifi, mai ƙara. Ya dube ni, ya dubi hitar.

Na ce, “Na ɗan gasa maka shi ne, Baffa. Na ga ya saki.”

Ya zauna ya sassauta tsirkiyoyin, ya gwada, ya sake sassautawa. Muka ɗauka sau uku. Ko ni da ban san waƙar ba na ji abin bai zauna ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, mai kauri, molon kuma yana can sama yana tsiwa, kamar an haɗa dattijo hira da mai tallan gyaɗa. A na ukun bai kai rabi ba ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin.

Ya ce, “Madam, a bar shi. Wannan ba waƙata ba ce.”

Madam Ladi ta juyo kaina. Ita 'yar nan ce, Hausarta irin ta Jos. Ta ce, “Tijjani, kai ka yi mene? Wane ne ya aike ka?”

Na ce a shafa wa fatar ruwa mana ta koma. Malam Buba ya girgiza kai, ya ce ruwa daban, danshi daban. In ka shafa ruwa, wani wuri ya jiƙe wani ya bushe, sautin ya rabu biyu. Sai ta kwana a waje ta sha iskar dare a hankali. Sannan ya yi mini bayanin da ya sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe da gangan yake barin fatar ta saki. A kan wannan sautin yake gina kowace waƙa, shi ya sa ba ya ɗaukar waƙa sai da damina, kuma sai da safe. Injiniyan da ya riga ni ya san haka. Da Malam Buba ya shigo yake kashe hita, ya bar ƙofa a buɗe, su ɗauka cikin kwatan awa kafin ɗumin ɗaki ya kama fatar. Mutumin ya yi ritaya ya tafi da saninsa, ni kuma ban tambayi kowa ba.

Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya mayar da molon jaka, ya ce wa Madam Ladi, “Wataƙila lokacin ne ya yi. Ku sa na yaron nan mai fiyano, shi ma ɗan wani ne.” Ya yi mana sallama ya tafi.

Madam Ladi ta zauna ta dafe kai. Gobe Juma'a sutudiyon nan cike yake da shirye-shiryen kai tsaye daga shida har goma, ɗaya sutudiyon namu kuma ana gyaransa. Kwamiti ba zai ɗaga zama saboda mu ba. Na ce, “Madam, in molon ba zai iya zuwa wurinmu ba, ni zan je wurinsa. A ba ni rakoda ta hannu in tafi Kuru da asuba.”

Ta ce, “Je ka gaya ma ogan ka da bakin ka. Ni ba zan roƙa maka ba.”

Ƙa'ida ita ce, ba a fita da na'ura daga harabar tasha sai da takardar fitar da kaya mai sa hannun shugaban sashen injiniyoyi, kuma a takardar akwai layin da aka rubuta dalili. Na daɗe riƙe da biro a kan layin nan. Na so in rubuta cewa matsalar na'ura ce, amma na san za a zo a duba na'urar a ga lafiyarta ƙalau. Ƙarshe dai na rubuta gaskiya: na gasa molon baƙo a hita. Shugaban namu ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa. Ya tambaye ni ko na sa masa yaji da ƙuli. Sannan ya sa hannu, ya ce in rakodar nan ta jiƙe, kada in dawo, in wuce Nguru kai tsaye. Madam Ladi ta buga wa Malam Buba waya. Abin da ya ce kawai shi ne, in Babarbaren zai iya tashi, ya zo.

Ina idar da sallar asuba na fito daga ɗakina da ke bayan Tina Junction, rakoda a cikin leda biyu a ƙarƙashin rigata. Na shiga mota zuwa Bukur, na sake wata zuwa Kuru, daga bakin titi ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Bakwai saura na isa. Ba a ruwa, amma gajimare ya kwanta a ƙasa, ba ka ganin abin da ya wuce taku talatin. Haƙorana har haɗuwa suke yi.

Na tarar da shi a tsaye a ƙofar gida, molon na rataye a baranda inda ya kwana. Ya sauko da shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. Ya ce in biyo shi. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonakin dankalin Turawa da shingen ƙyarana, har muka kai bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. A ƙetaren ruwan akwai wasu manyan duwatsu da suka hau kan juna, rabinsu a ɓoye cikin gajimare. Ya zauna a kan wani falalen dutse da ka gani ka san ya saba zama a kansa.

Ina haɗa waya ya zaro wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya miƙo mini, wai in duba kafin in sake yi masa wani gyaran. A saman kowace waƙa ya rubuta watan da ya yi ta da yadda gari yake a ranar: an kwana ana yayyafi, ko ƙanƙara ta zuba jiya, ko rana ba ta fito ba sai azahar. Baitukan gajeru ne ƙwarai, kalma uku, kalma huɗu, kuma tsakanin wasu layukan ya bar fili babba ba rubutu. Na tambaye shi ko wurin baitin da bai samu ba ne.

Ya ce, “A'a, wannan ma waƙa ce. Ku a ƙasar zafi kuna zama a inuwa ku baje, ku ja baiti kamar igiyar guga. Nan in ka buɗe baki da safe, sanyi ke riga maganar shiga. Sai ka faɗi kaɗan ka rufe. Ina yaro a nan nake kiwo, yatsuna su ƙage, in kaɗa kaɗan in sa hannu a hammata, in sake kaɗawa. Da na girma na samu rigar sanyi, na gwada cike wuraren, sai na ji waƙar ta zama ta wani gari.”

Na ɗaga masa hannu alamar na kunna. Ya taɓa tsirkiya. Sautin da na raina jiya, a nan na ji shi a mazauninsa. Ƙasa-ƙasa yake, mai taushi, ba ya tsalle, sai ya bi kan ruwan ya tafi. Muryarsa ta shiga ciki ta zauna daram.

Gari ya waye,
dutse bai sani ba.

Mai fartanya, fito,
raɓa ta gaji da jira.

Mai sanda, bi gefe,
dankali na barci.

Duk inda ya bar fili a littafi, a nan yake yin shiru. Ina sanye da abin ji a kunne, sai na ji ashe shirun ba fanko ba ne. Ƙarshen sautin molon yana kaiwa ga duwatsun can ya dawo a raunane, kuma sai ya dawo sannan Malam Buba ke ɗora baiti na gaba. Can nesa wata saniya ta yi kuka, ɗigon ruwa na sauka daga ganye. Tsigar jikina ta tashi, kuma ba duka sanyi ne ya tayar da ita ba. Sau ɗaya muka ɗauka, minti uku da 'yan daƙiƙoƙi.

Ya ce, “Kashe. In an sake, rana za ta fito ta ɓata.”

Matarsa ta aiko mana da kunu mai zafi, na sha a tsaye. Da zan hau acaɓa ya ce, “Babarbare, kada ka goge mini saniyar nan. Ta fi ka sanin inda ake shiga.”

Goma saura minti goma na shigo tasha, wandona duk jar laka. Na juye a kwamfuta, hannuna na ƙaiƙayin in rage shirun nan in share ƙarar iska, don haka aka koya mana. Na daidaita ƙarfin sauti kawai na bar komai yadda yake.

Mutum biyar ne a kwamitin, Oga Sabo na shugabanta, ni kuma ina gefe wurin na'ura. Aka fara sa na fiyano. Gaskiya yaron ya iya, kiɗa ne mai daɗi mai sa ka kaɗa ƙafa, har na fara ganin an kayar da mu. Sannan aka ce in sa namu. Da aka kai shirun farko Oga Sabo ya juyo ya ce, “Ya tsaya ne?”

Madam Ladi ta ce, “Bai tsaya ba, oga. Ka bari ka ji.”

Ya bari. Har waƙar ta ƙare ba wanda ya motsa. Sai shugaban sashen labarai, wani dattijo ɗan ƙauyen bayan Bukur wanda ba ya yawan magana a taro, ya ce, “Wannan ƙarfe shida ne na safe a gonar babana.”

Oga Sabo ya ce in sake sawa. Ya saurara ido a rufe. Da ta ƙare ya tambayi a wane sutudiyo aka ɗauka, na ba shi labari tun daga hita, ban rage komai ba. Aka yi dariya har da masu share hawaye. Shi bai yi ba sosai. Ya ce kiɗan fiyanon za a ba shirin matasa, don ko ina aka kai shi zai zauna. Shirin manoma da makiyaya kuwa na Malam Buba ne, kuma daga yau duk waƙar da zai yi, a ba da mota a je can a ɗauko. Madam Ladi ta harare ni, amma tana murmushi.

Ranar Litinin da hantsi aka ce ana kirana a waya. Malam Buba ne. Ya ce shi bai kunna rediyonsa ba da safe, don gabansa na faɗuwa, sai ya fita zagaya. Yana wucewa ta gonar wani maƙwabcinsa sai ya ji muryarsa na fitowa daga 'yar rediyon da mutumin ya rataye a reshe. Mutumin ya dogara da fartanya ya tsaya har waƙar ta ƙare, sannan ya ɗago ya gan shi a bakin shinge, ya ce, “Malam, ashe har yanzu kana nan.”

Sannan Malam Buba ya ce mini, “Na ce masa ina nan. Shi ke nan abin da na kira in gaya maka.”

Damina shida muka yi bayan haka ina zuwa Kuru, kuma ban taɓa jin na gaji da tafiyar ba.

To, abin da nake so ku riƙe ke nan. A makaranta an koya muku tsabtace sauti, kuma yana da kyau ku iya. Amma duk wanda ya shigo ɗakin nan da kayan kiɗansa, da garinsu ya shigo, da sanyinsa ko zafinsa, kuma shi ya san inda ya ajiye shi a cikin waƙar. Ni da kyakkyawar niyya na kusa rufe wa dattijo ƙofar da ta rage masa, cikin minti ashirin. Saboda haka in kunnenku ya ce muku wani abu ya lalace a kayan baƙo, ku sa hannuwanku a aljihu, ku jira mai shi ya dawo, ku tambaye shi ko haka yake so.